Bakin Buhu

Malam Ɗayyabu ya leƙo da la'asar sakaliya,
makullin mota na lilo a yatsa:
"Uwani, lamba ɗaya nake so.
Faifai mai cin nawa za a sayo
kafin a kwashe tsohon rumbun bayanai zuwa sabo?
Kada ki ce mini ya danganta."

Ya danganta mana.

Ya fita. Ruwa ya kece a Kakuri,
kwanon rufi ya hana ni jin tunanina.
Janareta ya yi tari biyu, ya kama.
Na jawo biro da bayan wani tsohon rasit.

Na tambayi rumbun, ya ce giga tamanin.
Ba ƙarya ya yi ba, a ɗaure yake,
irin dilar gwanjo a Kasuwar Bacci:
mutum biyu sa ɗauke ta,
amma yanke igiyar ka gani,
riga ta haifi riga har a rasa wurin taka ƙafa.

To, ba a auna hatsi da ido.
Na ɗebi mudu guda, layi dubu goma,
na fitar da su, na ga yadda suka kumbura:
ninki biyu da rabi.
Tamanin ta koma ɗari biyu, ban ko sha ruwa ba.

Kuma kaya ba sa tashi sama su sauka a sabon ɗaki.
Sai sun kwana a tsakar gida.
Ɗari biyun na shimfiɗe a nan,
sabon rumbu na haɗiyar nasa a can,
ɗari da ashirin, har da fihirisar da zai gina wa kansa.
Ga tarkacen hanya, fayilolin wucin gadi
masu zuwa ba sallama, su tafi ba ban kwana:
na ware musu arba'in.
Ɗari uku da sittin.

Sai na ji muryar Inna Tabawa
daga rumfarta ta masara a Kawo:
"Ke, wa ya ce ki cika shi fal?
Buhun da ba shi da baki, da me za ki ɗaure?"
Na ƙara rubu'i.
Ɗari huɗu da hamsin.

Wajen goma na dare na gano inda nauyin yake.
Rabin kayan ba na yau ba ne.
Tarihi ne:
duk saitin da aka taɓa a manhajar nan,
shekara goma sha ɗaya,
wa ya canza, yaushe, me ya tarar, me ya bari.
In na zubar da shi, kuɗin ya ragu,
a yaba mini a taron Litinin.

Na buɗe don in ga abin da zan zubar.

Istifanus.
Istifanus kuma.
Ƙarfe biyu da kwata na dare, wata Talata:
"Na mayar da shi yadda yake.
Kada a taɓa wannan layi ranar biyan albashi.
Na taɓa, na ji a jikina."

Daminar bara muka raka shi Kagoro.
Kofinsa na nan bayan firinta,
ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauka.

Wannan layin bai kai nauyin ƙwayar gero ba.
Amma su dubu ɗari nawa ne,
kuma wanne ne zan nema
ranar da komai ya tsaya cik, waya na ta kuka?
Ban sani ba.
Shi ma rashin sanin, wuri yake ci.

Ruwa ya ɗauke.
Na ji jirgin dare can nesa, ko kunnena ne.
Na ja layi biyu a ƙarƙashin lissafi,
na cike shi: ɗari biyar.

Da safe Malam Ɗayyabu ya ɗaga rasit ɗin,
ya juya shi, ya sake juyawa.
"Tamanin fa aka ce mini.
Ba ragi?"

Na ce, "Albarka."